Daga Ɗan Doka Zuwa Ɗan Sanda: Tsoron da Muka Gada a Ƙasar Kurfi

A garinmu Barkiya, har gobe in aka ce an kama wani, abin da mutanen gida ke fara tambaya shi ne, "Wa muka sani?" Sai kuma, "Nawa za a nema?" Da wuya ka ji mai cewa, "Laifin me ya yi?" Wannan hali gadonsa muka yi, kuma yana da tarihi.

Kakanninmu dogari suka sani, mai riga ja da kore da bulala a hannu. Umarni kan taso daga fadar Katsina, ya sauka wurin hakimi, Maraɗi a Kurfi ko 'Yandaka a Dutsin-Ma, ya gangaro wurin dagaci da mai unguwa. Da Turawa suka naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906 ba su rushe wannan tsari ba, sai ma suka jingina mulkinsu a kansa. Daga baya aka ware wasu aka ba su horo da kaki, su ne 'yan dokan En'e. A 1929 aka ɗora ɗan Sarki, Usman Nagogo, a kansu a matsayin Wakilin Doka, shi ne kuma ya gaji sarautar a 1944. Rundunar 'yan sandan Nijeriya da aka haɗe a 1930 ta manyan garuruwa ce da bariki, baƙauye kan shekara bai ga ɗayansu ba. Mai kama shi da alƙalin da zai yi masa shari'a da yarin da zai tsare shi, duk En'e ɗaya ke biyansu albashi. To ƙarar wa zai kai, kuma wurin wa?

Kakana ya sha ba mu labarin kakar haraji. Ɗan doka zai iso da jar dara da gajeren wando, kulki a hamata, igiya a hannu. In saurayi ya tafi cirani bai biya ba, uban ake tasa ƙeyarsa zuwa ƙofar dagaci, a zaunar da shi a rana har kuɗi su fito. Dabarar tsira guda ce: ka tuɓe takalmi, ka faɗi, ka ce, "Na tuba, ranka shi daɗe," ko da ba ka san abin da ka yi ba. Su kuma na gida su bazama neman mai faɗa a ji, malami ko attajiri ko bafade, da 'yar gaisuwa, kaza ko damin gero. A zamanin nan wannan ba wauta ba ce, ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe.

'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun riƙa tsayawa gaban ɗan doka suna tambayar dokar da suka karya. Sun kuwa ɗanɗana kuɗarsu. Yin lacca ba izini ya isa a ɗaure mutum, ga shi ba a barin lauya ya tsaya a kotun alƙali. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari a kan haka. Bayan juyin mulkin 1966 kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a karɓe 'yan doka daga hannun En'e, kuma cikin 'yan shekaru aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta kafin a ba mu Jihar Katsina a 1987. Amma mulkin soja ya sake koya wa mutane yin gum, musamman Doka ta 2 ta 1984 mai ba da damar tsare mutum ba shari'a. Kaki ya sauya, tsoro bai gusa ba.

Abin da da yawanmu ba mu lura ba shi ne doka ta yi nisa ta bar mu a baya. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar ƙin amsa tambaya sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. In akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kamu a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Dokar 2017 ta mai da azabtarwa laifi. Wato abin da aka yi wa iyayen 'yan cirani a ƙofar dagaci, yau haramun ne a hukumance.

Na ga amfanin sanin wannan da idona. An taɓa ɗauke wani dattijo maƙwabcina saboda bashin taki da ake bin ɗansa, aka sa shi bayan kanta a wani caji ofis. Kafin azahar matarsa ta kwance tunkiya za a kai kasuwa. Sai wani yaron unguwarmu mai karatun lauya ya ce a dakata. Muka tafi tare da mai unguwa. Yaron ya gaisa cikin ladabi, ya ce, "Yallaɓai, wane laifi Baba ya yi?" Aka ce ɗansa ake nema. Ya ce, "To a taimaka a rubuta mana haka, mu kai wa lauya." Aka yi ta shige da fice, can aka ce mai unguwa ya sa hannu ya tafi da shi. Tunkiya ta koma turkenta. Ba kullum ake dacewa haka ba, amma ranar ko kwabo ba mu bayar ba.

Akwai abin riƙewa a dabarar kakanninmu. Ba su kokawa da hukuma, ba su gudu, ba su kuma barin nasu shi kaɗai. Wannan har yau shi ne daidai: kada ka fizge, kada ka zagi mai bindiga, ka tabbata wani ya ga lokacin da aka tafi da kai da inda aka nufa, ka kuma riƙe suna ko lambar da ke ƙirjin jami'in. Abin yarwa shi ne "na tuba" a kan abin da ba ka yi ba, domin yau rubutawa ake yi, kuma ita za a karanta gaban majistare. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Beli kyauta ne, duk abin da aka kira shi, kuɗin biro ko kuɗin mai.

In kwanaki suka wuce ba a kai mutum kotu ba, ƙofofi sun yawaita. Lauya na iya shigar da ƙarar take haƙƙi a babbar kotu. Marar hali yana da Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta 1995, kuma ba a biya kafin su saurare ka. Mai unguwa da dagaci har yanzu su ne mutanen farko da za a tasa, amma aikinsu ya sauya. Da can roƙo suke zuwa yi. Yanzu shaida za su ba da, su tsaya wa mutum beli, su kuma lura da ƙarfe nawa aka kama shi, domin daga nan ake fara ƙirga awa 24.