Wa'adin Ayari da Wa'adin Na'ura

Birnin Gwari tsohon zango ne a kan hanyar fatake. Ta nan Baturen nan Clapperton ya bi cikin shekarar 1826, sa'ad da ya fito daga ƙasar Nufe za shi Zazzau da Kano. Dajin ƙasar kuwa, inda Gandun Kamuku ya ke, bai rasa abin tsoro ba, balle a zamanin hare-haren Kwantagora, kafin Turawa su ci garin nan a 1901.

Wanda ya sallami ayari ya shiga irin wannan daji ba shi da waya, ba shi da gidan waya. Abin da ya ke da shi ƙidayar kwana ce kaɗai. In kwanakin tafiya suka cika aka ji shiru, shirun nan shi ne labari. Wuyar abin ita ce, kwana nawa za a jira? In aka yi gaggawa, sai a ta da mahaya a banza, alhali kogin Mariga ne ya cika ya tsare mutane. In aka yi jinkiri, kafin a kai gudummawa an yi nisa da su. Ashe ba gadin ne da wuya ba, yanke wa'adin ne.

Wannan tsohuwar matsala ita ce ta sami masu ƙera kwamfuta. Wani lokaci kwamfuta ta kan cije, ba gaba ba baya, ba ta kuwa iya faɗin ta cije. Saboda haka suka sa mata wani ɗan agogo da ke ƙirga sakan shi kaɗai, Turawa na kiransa karen gadi. Muddin tana lafiya, tilas ta riƙa taɓa shi a kai a kai, ƙirgar ta koma farko. In wa'adi ya cika ba ta taɓa shi ba, sai ya kashe ta, ya sāke ta da ita.

An ga amfaninsa a sararin sama, inda hannun makaniki ba ya kaiwa. A 1994 kwamfutar wani kumbon Amurka mai suna Clementine ta cije, ba a kuwa sa agogon gadinta aiki ba. Kumbon ya ƙone mansa a banza, tilas aka fasa sauran tafiyarsa. A 1997 kuma kumbon Pathfinder ya sauka a duniyar Mirrihi, aikinsa ya riƙa sarƙewa. Duk sa'ad da wa'adi ya wuce sai ya ta da kansa, har masana suka gano aibin, suka aika da gyara daga nan duniya.

To, yaya a ke yanke wa'adin? Mu ɗauki Linux, watau tsarin tafiyar da kwamfuta wanda Linus Torvalds, mutumin Finland, ya fara a 1991. Tsakanin cibiyar tsarin da kowane agogo akwai wani ɗan shiri da a ke kira direba, amma aikinsa na tafinta ne. Shi ke faɗin iyaka biyu, mafi ƙanƙantar wa'adi da mafi tsawo. Dalili kuwa, agogo kamar mudu ya ke, ba ya ɗaukar abin da ya fi cikinsa. Na ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi bai wuce wajen sakan 15 ba. Wanda cibiyar ke riƙewa da kanta an saba ba shi sakan 60. In mai aiki ya nemi abin da ya ƙetare iyaka, direba ya kan ƙi karɓa, don kada mutum ya saki jiki da gadin da babu shi.

Da can kowane direba da tasa al'ada. A 2011 aka haɗa musu ƙa'ida guda. A 2016 kuma aka ƙara wata dabara: in agogo gajere ne, aiki kuwa na bukatar dogon wa'adi, cibiyar da kanta ta kan riƙa taɓa agogon a madadin aikin, amma tana riƙe da ƙirga. Da dogon wa'adin ya cika shiru, sai ta janye hannu.

Ya kai mai karatu, in ka bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, tafiyar fiye da mil 70, za ka ga turakun wayar salula a bakin daji, inda rashin tsaro ya sha hana ma'aikata zuwa. Irin waɗannan na'urori don su aka yi agogon gadi. Ta kan yiwu saƙon mai neman gudummawa da tsakar dare ya dogara ga wa'adin da wani ya yanke tun da daɗewa, bai gajarce ba, bai kuma yi tsawo ba.