Zaure da Katanga: Yadda Suturar Gida Ta Biyo Mu Yawunde

A ƙasar Hausa ba a kiran wuri gida sai an kewaye shi. A ƙauye akan kafa dangar kara ko a ja zana, a birni kuwa katangar tubali ce. Mashiga ɗaya ce, wato zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, malam ke ba da karatu. Daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Magina ba sa saita ƙofofin nan da juna, don kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. Tarihin Kano ya danganta soma kulle da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), aya ta 27 a Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama.

Da wannan tarbiyya kakanninmu fatake suka gangaro kudu ta Adamawa, suka biyo Tibati da Yoko, suna cinikin goro da hauren giwa da tufafi. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, Hausawa suka sauka kusa da shi. Bayan birnin ya fita daga hannun Jamus a 1916, a zamanin Faransa aka tsugunar da mu a Ekudu, ƙasar Ewondo, inda aka taɓa toya bulo. Daga nan sunan Biriketiri ya samo asali.

Sai dai ƙasar ba irin wadda suka baro ba ce. Damina biyu ake yi a shekara, katangar ƙasa kuwa ba ta jure wannan ruwa. Babu karan dawa, babu gambar saƙa zana. Sai suka koya wurin masu masaukinsu: a kafa itace, a saƙa, a yaɓe da jar ƙasa, a rufa da ganyen tukurwa. Daga baya kwano ya zama danga, ayaba da mangwaro suka tare bayan gida, har bulon siminti ya zo. Kayan gini sun sauya, amma zaure bai faɗi ba.

Abin da ruwa ya kasa, yau cunkoso yana neman yi. Gidan da kaka ya bari an raba shi gado, an yanka ɗakunan haya, zaure ya koma shagon tela ko teburin mai tsire. Yawunde garin tudu da kwari ne. Wanda ya ɗora bene a kan tudu, tagarsa na kallon madafa da makewayin na ƙasa da shi. Haka 'yan'uwanmu na Etudi, wajen kasuwar shanu, suke fama. A gidaje da yawa labule ɗaya ne ya rage tsakanin iyali da titi, uwargida ba ta iya shanya ko alwala sai da mayafi a cikin gidanta.

Ba mu ce a bar gina bene ko shago ba, abinci ake nema. Roƙonmu shi ne mai gini ya zauna da maƙwabcinsa kafin ya huda taga, ya ɗaga ta sama da tsayin mutum, ya karkatar da ƙofa yadda magabata suka yi. Yaranmu kuma a koya musu sallama sau uku, in ba a amsa ba su juya.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.