Yadda Manoman Birtaniya Suka Sha Sanyin Kanada

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Gumel, ya aiko yana tambaya: shin Turawan Birtaniya da suka bar gida suka je zama ƙasashen ƙanƙara a zamanin da, yaya suka yi suka rayu, alhali ba lantarki, ba mota?

To, Malam, bari mu ba ka labarin wasu manoma 'yan'uwanka. A farkon ƙarni na 19 masu filaye a Sikotilan suna ta korar talakawa daga gonaki don su yi kiwon tumaki. Sai wani basarake, Lord Selkirk, ya sami ƙasa mai faɗi a tsakiyar Kanada daga Kamfanin Hudson's Bay a shekarar 1811, ya ce zai zaunar da su a bakin kogin da ake kira Red River.

Ayarin farko, ƙarƙashin Miles Macdonell, ya isa tashar York Factory a watan Satumba na 1811. Sun makara, don kogunan sun kusa daskarewa, ba halin shiga cikin ƙasa. Dole suka kafa bukkokin itace a bakin kogin Nelson suka zauna. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da za ka ji ɗumin wuta ka fita aiki da hantsi. Dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa wajen wata biyar ko fiye. Rashin ɗanyen abinci ya jawo musu ciwon da ke kumbura dasashi ya girgiɗa haƙora, sai da suka riƙa shan ruwan dafaffen ganyen wata bishiya ta wurin suka sami sauƙi.

Ba su isa Red River ba sai ƙarshen Agusta na 1812, lokacin shuka ya wuce, ga rumbu ba ko ƙwaya. Abin da ya cece su shi ne mutanen ƙasar. Ka san an ce da ɗan gari akan ci gari. Suka gangara kudu zuwa Pembina, kusa da inda garken ɓauna ke kiwo, suka yi hunturu suna cin naman da maharban Métis da na ƙabilar Saulteaux ke kawowa. Sarkin Saulteaux, Peguis, ya tsaya musu ƙwarai. A wurin 'yan ƙasa suka koyi tafiya da faffaɗan takalmi mai kama da faifai don kada ƙafa ta nutse, da cin wani busasshen nama da ake dakawa a haɗa da kitse, wanda kan daɗe bai lalace ba.

Amma naman nan ya zama sanadin fitina. A 1814 Macdonell ya hana a fitar da shi daga yankin, alhali shi ne guzurin fataken wani kamfani kuma abin kasuwar Métis. Rigima ta yi ta girma har aka gwabza a Seven Oaks a 1816, aka kashe mutum 21 daga ɓangaren baƙin.

Ana cikin farfaɗowa sai ga fara a 1818, ta sake dawowa a 1819, ta cinye har abin da za a ajiye na iri. Manomi ya san ma'anar wannan. A tsakiyar hunturu wasu daga cikinsu suka taka a ƙasa kusan wata uku bisa ƙanƙara zuwa Prairie du Chien a Amurka, suka sayo irin alkama kimanin buhu 70, suka dawo da shi cikin jiragen ruwa a watan Yuni na 1820. Duk da makarar shuka, an sami abin da ya isa iri.

Wurin da suka zauna shi ne birnin Winnipeg na yau, hedkwatar lardin Manitoba. To Malam, da fatan ka gamsu. A gai da mutanen Gumel, Allah ya ba mu damina mai albarka.