Sayen Kifi A Ruwa: Labarin Ƙasar Poyais

Ranar 10 ga Satumba, 1822, wani jirgin ruwa mai suna Honduras Packet ya tashi daga Landan ɗauke da mutum kusan 70. Cikinsu har da likitoci da lauyoyi da ma'aikacin banki. Da yawansu sun sayar da abin da suka mallaka, sun karɓi takardar shaidar fili, sun kuma canja kuɗinsu na Ingila zuwa dalar Bankin Poyais. Inda suka dosa wata ƙasa ce a gaɓar tekun Amurka ta Tsakiya, wadda aka ce musu tana da babban birni da fada da tituna, ana jiran isowarsu. To, filin dai akwai shi, yana cikin ƙasar Honduras ta yau. Amma birnin da bankin da gwamnatin, duk a bakin mutum ɗaya suke.

Mutumin nan shi ne Gregor MacGregor, haifaffen 1786 a yankin duwatsun Sikotlan. Ya yi aikin soja a rundunar Birtaniya daga 1803 zuwa 1810, sannan ya wuce Benezuwela a 1812 ya shiga yaƙin ƙwatar 'yanci daga hannun Sifaniya, har ya kai janar, ya kuma auri 'yar'uwar Simon Bolibar. A 1819 sau biyu yana jagorantar hari, a Portobelo da Rio de la Hacha, sau biyu kuma yana tserewa ya bar sojojinsa a hannun abokan gaba. A Afrilun 1820 ya sauka wurin sarkin ƙabilar Miskito, George Frederic Augustus, ya ba shi barasa da kayan ƙawa, sarki ya sa hannu ya ba shi daji mai faɗin eka miliyan 8. Fili aka ba shi, ba sarauta ba. Amma da ya iso Landan a 1821, sai ga shi da rawanin da ya naɗa wa kansa: wai shi ne Sarkin Poyais.

Landan kuwa ta karɓe shi hannu biyu-biyu. Magajin garin ya shirya masa liyafa a zauren Guildhall. Aka buɗe ofishin jakadanci a Dowgate Hill, aka buɗe ofisoshin sayar da fili a Edinbura da Gilasgo. Ya zana tuta, ya tsara kakin sojoji, ya sa aka buga takardun kuɗi. A 1822 aka fitar da littafi mai shafi sama da 350 da sunan wani Kyaftin Thomas Strangeways, wanda masana da dama ke ganin MacGregor ne da kansa. Littafin ya ce ana girbe masara sau uku a shekara, akwai zinariya a koguna, iskar wurin kuma ta dace da jikin Bature. Babban birnin, St Joseph, wai yana da mutum dubbai, da gidan wasan kwaikwayo da babbar majami'a. Eka ɗaya sule biyu da taro. Da aka ga ana rububi sai kuɗin ya haura zuwa sule huɗu.

Mai karatu zai ce, shin mutanen nan ba su da hankali ne? Suna da shi sarai. Lokacin ne ya yi wa mayaudarin daidai. Yaƙin Napoliyon ya ƙare a 1815, kuɗin ruwan da gwamnatin Birtaniya ke biya ya yi ƙasa, attajirai na neman inda za su zuba dukiya. Sababbin ƙasashe irin su Kolombiya da Chile da Peru suna zuwa Landan cin bashi da ruwa kashi 6 cikin 100. Ƙasashe ne da ba a jima da jin sunansu ba, don haka ƙarin suna ɗaya bai ɗaga wa kowa gira ba. A Oktoban 1822 wani banki mai mutunci a birnin ya fitar da takardun bashin Poyais na fam 200,000.

Talakawan da ya fi nema kuwa 'yan Sikotlan ne, ya ce su ne masu juriyar da sabuwar ƙasa ke buƙata. Ya san inda ke yi musu ƙaiƙayi. A shekarun nan masu filaye a yankin duwatsu suna korar manoma daga gonakin kakanninsu don su saki tumaki, har da ƙona gidaje a yankin Sutherland. Mutumin da ya tashi yana noman haya a kan dutse mai sanyi, aka ce masa ga gonar kansa a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba, ai sai dai a riƙe shi. Abin takaici, ba wannan ne karon farko ba. A 1698 'yan Sikotlan sun je kafa mazauni a Darien ta ƙasar Panama, zazzaɓi da yunwa suka cinye mafi yawansu, dukiyar ƙasar ta salwanta. Shekara 120 da 'yan kai sun isa a manta.

Honduras Packet ya isa bakin kogin Black River a Nuwamba. Suka harba igwa don a san sun iso, shiru. Suka sauka, ba tashar jirgi, ba titi, ba ko rumfa. Abin da suka tarar kawai kangon wani tsohon mazaunin Turawan Ingila da aka watse aka bari tun 1787, daji ya rufe shi. Da farko sun ɗauka matuƙin ne ya yi ɓatan kai. Suna cikin sauke kaya guguwa ta taso, jirgin ya yi gaba da sauran kayan abinci da magunguna. Shugabansu, Hector Hall, ya je har fadar sarkin Miskito, sarki ya ce shi bai san wata ƙasa Poyais ba.

Kafin gaskiyar ta bazu a Birtaniya, jirgi na biyu, Kennersley Castle, ya riga ya tashi daga tashar Leith ranar 22 ga Janairu, 1823, da mutum kusan 200, maza da mata da yara. Suka iso a ƙarshen Maris suka tarar da 'yan'uwansu cikin tantuna da bukkoki. Sai damina ta sauka. Babu rufin kirki, babu ruwan sha mai tsabta, babu gonar da aka share balle a yi shuka. Sauro ya yi musu rubdugu, zazzaɓi da shawara suka shiga. Jikin da ya girma a kan dutse bai taɓa karo da waɗannan cututtuka ba, kuma a lokacin ba a ma san sauro ne ke kawo zazzaɓin ba, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Wani mai ɗinkin takalmi daga Edinbura, wanda aka yi wa alkawarin zama badukun gimbiya, ya harbe kansa.

A watan Mayu wani jirgi daga Belize, Mexican Eagle, ya biyo ta wurin ya gan su, aka shiga kwashe su. Wasu sun mutu a hanya, wasu a asibitin Belize. Cikin mutum kusan 250 da suka tafi, akalla 180 sun rasu, waɗanda suka sake ganin Birtaniya ba su kai 50 ba. Akwai wasu jirage biyar da suka biyo baya, sojojin ruwan Birtaniya ne suka tare su suka mayar da su.

Ka san abin da ya fi ban mamaki? Da waɗanda suka tsira suka sauka Landan a Oktoban 1823, wasunsu kare MacGregor suka yi, suka ce wakilansa ne suka ci amanarsa. Cikinsu har da James Hastie, mai yankan katako, wanda ya binne 'ya'yansa biyu a can. Shi kuwa gogan tuni ya haye Faransa ya ci gaba da sayar da filin. An gurfanar da shi a kotun Faris a 1826 aka wanke shi. Ya komo Landan ya yi ta tallan takardun Poyais har shekara goma. A 1838 ya koma Benezuwela, aka mayar masa da muƙamin janar da fansho, ya mutu a Karakas a 1845, aka binne shi da faretin soja.

In ka cire mayaudarin daga labarin nan, saura kuskure guda ya rage: ba wanda ya riga su zuwa. Iyalai sun tattara komai a jirgi ɗaya, da tsofaffi da jarirai, zuwa wurin da ba amintaccensu ko ɗaya da ya taka. Fataken goro da ke zuwa Gwanja a zamanin da ba su yin haka. Ayari na da madugu, yana da jagaba wanda ya san hanya, yana da uban dawaki mai kula da sha'anin zango, a Salaga kuma akwai mai masauki da ke jiransu. Ko gwamnati mai kuɗin mai, da ta yanke shawarar barin Legas a 1976, ba ta tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba, 1991.

Darasin bai tsufa ba. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Landan suna turo kuɗi gida a saya musu fuloti a gina, hoton WhatsApp kaɗai suke gani. Iyalai da dama sun baro Jos bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, daga tudu mai tsayin mita 1,200 da iska mai sanyi zuwa Kano ko Bauchi ko Abuja. Wanda zai yi irin wannan ƙaura, ya je ya ga filin da idonsa, kuma ya je a watan Agusta, don fulotin da ke shar da rani yana iya zama kududdufi da damina. Ya binciki takarda a ma'aikatar ƙasa, domin tun dokar 1978 filayen jiha na hannun gwamna ne, takardar dillali ba ita ce shaidar mallaka ba. Ya tambayi mai unguwa da maƙwabta tarihin wurin. Ya tabbatar da ruwa kafin fenti. Ya tuna cewa gidan da ya yi daɗi a Jos, mai ƙananan tagogi da kwano ba silin, tanda ne a Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A sa raga a tagogi, a haƙa magudana, a dasa darbejiya tun ana tubali. Sannan mutum ɗaya ya fara zuwa ya kwana biyu kafin a kwaso yara.

Mutanen Poyais sun riƙe takardu masu hatimi da sa hannu, an buga su da kyau ƙwarai, wasu ma suna nan har yau a gidajen tarihi. Abin da suka rasa shi ne mutum guda da zai je ya dawo ya ce musu, na gani. Zuwa da kai ya fi aike.