Daga Buhara zuwa Kurfi: Hanyoyin da Sunan Gari ke Bi Ya Zama Sunan Mutum

Duk wanda ya duba rajistar ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma zai tarar da sunayen garuruwa iri biyu, ko da yake ɗaya kawai ido ke ganewa. Akwai Kurfi da Safana da Ɗanmusa a ƙarshen suna, akwai kuma Buhari da Jelani da Suyuɗi a farkonsa. Wannan maƙala na ganin cewa duka sunayen wurare ne, hanyar shigowarsu ce ta bambanta, ita ce kuma ta ba kowanne matsayinsa.

Hanya ta farko ta malamai ce. An danganta Imam Muhammad ɗan Isma'ila, wanda ya rasu a 870, ga garinsu Buhara, a Uzbekistan ta yau. Jelani daga Jilan ta ƙasar Iran ya fito, ta dalilin Shehu Abdulƙadir. Suyuɗi kuwa daga Asyuɗ ta Masar, garin da ake danganta Jalaluddini gare shi, malamin da ya rasu a 1505, wanda ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Uban da ya raɗa wa ɗansa Buhari ranar suna ba ya tunanin wani birni a tsakiyar Asiya. Albarkar mai littafin hadisi yake nema. Sai da garin ya ɓace cikin darajar malamin kafin liman ya yarda ya ambace shi a kan rago.

Hanya ta biyu ta alƙalamin boko ce. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an riƙa bambance ɗalibai masu suna ɗaya da garuruwansu, shi ya sa Sardauna ya yi karatu a matsayin Ahmadu Raɓa. Haka aka samu Isa Kaita, haka daga baya aka samu Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, sakataren hukumar da ta gudanar da zaɓen 1979. Tsarin ya dace da kunyar Bahaushe, domin ya sauƙaƙa wa yaro nauyin furta sunan mahaifinsa a gaban jama'a.

Irin wannan suna bai cika zama na yanka ba. Inda ya ƙetara, ta ƙofar takwara ya bi: yaron da aka sa wa Shehu a zamanin mulkin Shehu Shagari, sau da yawa Shagari ake kiransa, alhali iyayensa ba su taɓa taka wannan gari na ƙasar Sakkwato ba. Nan ma mutum ne ya ɗauko garin.

Abin da ke damuna shi ne yadda takardun zamani suka daskarar da al'adar. Fom ɗin katin ɗan ƙasa da na jarrabawa suna neman sunan iyali tilas, sai jikan da aka haifa a Kaduna ya gaji Kurfi tamkar gona. Garin da ke na kowa, tun daga gidan hakimi har unguwar maƙera, ya koma alamar zuriya, sunan kaka kuwa ya faɗi daga takarda. Mai binciken nasaba nan gaba zai tarar da ɗaruruwan masu amsa Kurfi ko Dutsin-Ma waɗanda ba jini tsakaninsu, ga kuma 'yan uwa ciki ɗaya da takardunsu ke ɗauke da sunaye daban-daban.