Samfurin Jirgin Hurricane da Hanyar da ta Ratsa Arewacin Kamaru

Jirgin yaƙi na Hawker Hurricane, wanda Sydney Camm ya zana kuma ya fara tashi a 1935, faɗin fukafukansa ƙafa 40 ne. A ƙaramin samfurinsa na roba, irin wanda kamfanin Airfix ke yi a ma'aunin 1:72, faɗin nan yakan koma santimita 17. Akasarin masu haɗa shi sukan yi masa fenti irin na jiragen da suka kare Ingila a 1940. Amma mai haɗa shi a Mindif ko Garwa yana da wani zaɓi da ya fi kusa da gida, domin irin wannan jirgi ya sha ratsa samaniyar arewacin Kamaru a Yaƙin Duniya na Biyu.

Dalili kuwa shi ne, a watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa kuma ta faɗi, sai tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya masu kai makamai Masar. Zagayawa ta kudancin Afirka tana cin makonni da yawa. Saboda haka aka riƙa sauke jiragen sama a cikin akwatuna a Takoradi, a Gana ta yau, makanikai su haɗa su, matuƙa su bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), El Fasher da Khartoum har Alƙahira, tafiyar fiye da mil 3,500. Ayarin farko ya tashi a watan Satumbar 1940, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Zangon Maiduguri zuwa Fort Lamy ya bi ta kan tsukin ƙasar Kamaru, can arewa da Marwa da dutsen Mindif, ƙasar da ke hannun Faransa a lokacin. Da mahukuntan yankin sun bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, da hanyar ta toshe. Sai dai ranar 26 ga Agustan 1940 Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, washegari kuma Leclerc ya karɓe Duwala, Kamaru ta shiga sahu. Jamusawa ma sun san darajar hanyar: a Janairun 1942 jirginsu guda ya ratso Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar man Fort Lamy.

Duk wannan tarihi ana iya karanta shi a jikin samfurin, muddin mai haɗawa ya kula da abubuwa huɗu. Na farko, matatar iska ta Vokes, wani ƙullutu ne a ƙarƙashin hancin jirgin, wadda aka ƙara don kada ƙura da rairayi su cinye injin Merlin. Na biyu, tankunan mai guda biyu a ƙarƙashin fukafukai, domin zangunan sun yi wa jirgin nisa. Na uku, farin fenti a saman wutsiya, wanda ake shafawa don masu nema su hango jirgin da ya faɗi a daji. Na huɗu, bayan gangar jikin Hurricane yadi ne da aka shimfiɗa a kan sandunan ƙarfe da katako, don haka dole siraran layukansa su fito, kada yashin goge roba ya shafe su.

Akwai kuma abin da ba ya zuwa a cikin kwali: jirgin Blenheim mai inji biyu da ke jan ayarin, tun da shi ke ɗauke da masanin hanya, da kuma leburorin Afirka da suka share filayen sauka, suka gangara gangunan mai a Kano da Maiduguri. Wanda ya ɗora samfurinsa a kan faifan katako mai jar ƙasa, ya tsayar da ƙananan siffofin waɗannan mutane kusa da tayoyinsa, ya mayar da su cikin labarin da aka fi bayarwa ba tare da su ba.