Faifan kiɗan fim da abin da ake ji a sinima

Sau da yawa faifan kiɗan fim da ake sayarwa a kasuwa ba shi ne ainihin abin da mai kallo ya ji a sinima ba. A cikin fim akan yanyanka kiɗan domin ya dace da hoto da maganar 'yan wasa, a faifai kuwa akan harhaɗa shi, a sauya jerinsa, wani lokaci ma a sake naɗarsa baki ɗaya.

Haka John Williams ya yi da faifan Jaws na 1975. Lamarin Blade Runner ya fi muni: a 1982 wata ƙungiyar makaɗa dabam ce ta kwaikwayi kiɗan Vangelis aka sayar, nasa na ainihi bai fito ba sai 1994.